Asibitin gwajin mantuwa a Kumasi: sun gano ciwon Gwaggo, amma ku tafi da shirinku

Masu tambayata ko wurin nan da muka kai Gwaggo ya cancanci kuɗinsa, amsar ita ce e ya cancanta, amma ba kamar yadda suke tallansa ba. Asibitin kuɗi ne a nan Kumasi, sun ware rana ɗaya a mako ta tsofaffi masu matsalar mantuwa, likitan ƙwaƙwalwa yana zuwa daga wani wuri ya zauna tun safe har azahar. Ba zan kama suna ba, don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su ji daɗinsu ba, kuma ma'aikatan ciki yawancinsu mutanen kirki ne ba na so a ci zarafin kowa ta dalilina. In maki ne zan ba su shida da rabi cikin goma. Likita da wata nas guda ɗaya su suka ciyo musu shidan, rabin kuma na fankar ɗakin jira ne.

Gwaggo yayar babanmu ce, ta haura saba'in da ɗoriya, kuma duk wanda ya tashi a ɓangarenmu na Aboabo ya ci waakye ɗinta, wato shinkafa da wake irin ta Ghana, ko ya san wanda ya ci. Ita ce uwar adashin matan layinmu shekara da shekaru, ba ta taɓa riƙe biro ba amma ta san wa ta zuba, wa ta ɗauka, wa ake bi bashin zubi biyu tun kafin babbar sallah. To matar nan ce ta fara ɗora tukunya ta manta, ta yi la'asar ta sallame ta sake tashi ta yi alwala wai ba ta yi ba, ta ɓoye kuɗi a cikin kwanon gero sannan ta tayar da gida wai an yi mata sata. Kowa ya ce gigin tsufa ne a bar ta. Sai da ta fita sayen gawayi a bakin layi aka tsinto ta wajen Asawase tana tambayar hanyar gidan mijinta da ya rasu tuntuni, sannan Yayana da ke Manchista ya bugo ya ce wallahi in ba mu kai ta an duba ba shi da mu. Shi aikinsa ke nan a can, kula da tsofaffi a gidan da ake ajiye su, ya ga irin wannan har ya gaji.

Bari in fara da bakin ƙofa don nan ne raina ya fara ɓaci. Sai ka buga waya ka kama rana, ka tura wani abu ta momo, wato kuɗin waya, kafin su rubuta sunanka, wannan ba laifi. Amma ba wanda ya ce mana mu zo da magungunanta, ba wanda ya ce a zo da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da ita, ba wanda ya tambaya wane yare take ji. Da ba don Yaya ya riga ya yi mana bita ta waya ba da hannu biyu za mu je. Katin inshora kuwa yarinyar da ke kan tebur ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce wannan sashen kuɗi hannu ne. Na san doka ta ɗauke wa wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara na NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, katin Gwaggo kuma da ransa don ni nake sabunta mata ta *929#, amma a wurin nan bai sayi ko folda ba. Sannan talabijin ɗin ɗakin jira a ƙure take, ana ta ihun wa'azi da Twi, ga tsofaffi ruɗaɗɗu a zaune kowa yana zare ido, wani dattijo ma sai tashi yake zai fita 'yarsa tana jawo shi. Wanda ya san ciwon nan ya san hayaniya ƙara dagula su take. Na roƙa a rage, aka rage kaɗan, da na juya aka mayar.

Ciki kuwa labari ya canza. Likitan da kansa ya taso ya tare ta a ƙofa, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce Mma ki zauna nan kusa da taga. Abin da ya fi burge ni shi ne bai sa ni in faɗi laifinta a gabanta ba. Ya bar ta da nas ana auna mata jini da nauyi, ya ja ni gefe ya yi ta tambaya, yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko dare ɗaya, ta taɓa faɗuwa ta bugu a kai, ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko da na 'yan mintoci ne, tana barci, tana riƙe fitsari, tana ganin mutanen da babu su, ta daina dariya ne ko tana nan yadda take, wa ke riƙe mata kuɗi yanzu. Ya zazzage ledar magungunan a kan tebur ɗaya bayan ɗaya har da jiƙe-jiƙen da Kawu ya kawo daga Tamale da wani maganin barci da aka sayo mata a kemis ba takarda, ya ɗaga na barcin ya ce wannan daga yau a daina, irinsa yana ƙara wa tsoho ruɗewa kuma yana kayar da shi. Rubutun sha da tofi bai ce komai a kansu ba sai dai ya ce a ci gaba da addu'a, wannan ya sa Kawu da ya zo yana kicin-kicin ya ɗan sake.

Yanzu ga inda nake so masu niyyar zuwa su buɗe kunne, wato gwajin kansa. Takarda ce shafi ɗaya, maki 30, a Kanada aka tsara ta, ana ce mata MoCA, kuma ga mai boko tana aiki sosai. Amma ku dubi abin da aka sa Gwaggo. A ce ta zana agogo ta sa hannayensa a sha ɗaya da minti goma, matar da lokacinta shi ne kiran salla da inuwar katanga. A ce ta bi lambobi da haruffan boko da biro tana haɗa su. A ce ta riƙe kalmomi biyar, ciki har da coci da karan-miski da sunan wata furen Turai da ni kaina ban taɓa gani ba. Aka nuna mata zanen dabbobi uku, ta ce zaki, ta ce raƙumi, da aka zo kan karkanda ta daɗe tana kallo ta ce wannan alade ne Allah ya jarabce shi da ƙaho. Aka tambaye ta yau nawa ga wata, ta ba da lissafin watan Musulunci, kuma da kuskuren kwana ɗaya tak, amma takarda ba ta san wannan ba. Likita yana faɗa da Turanci, yana juyawa Twi, ni ina juyawa Hausa, kafin magana ta iso kunnenta ta yi sanyi, kuma ni ba a koya min yadda ake tafinta a irin wannan ba, sai in ji bakina yana ƙaiƙayin ba ta amsa. Tun a tsakiya ta ajiye biron ta ce min, ke 'yar nan, makaranta kika kawo ni a yi min dariya? Makin da ta samu in aka bi shi kawai cewa za a yi ba ta san sunanta ba.

Nas ɗin nan ce ta ceci ranar. 'Yar arewa ce, ta tashi a zango, Hausarta irin tamu. Ta nemi izinin likita ta zauna a gaban Gwaggo ta ce Mma bar takardar nan, mu yi hira. Ta ce in na sayi waakye na sidi bakwai na ba ki ashirin nawa ne canjina, Gwaggo ta ce sha uku kafin ta rufe baki. Ta ce in mutum uku suka saya fa na ba ki hamsin, nan ta tsaya, ta fara ta ɓata, ta sake farawa ta manta tambayar. Ta ce ki lissafa min duk abin da ake sayarwa a Kejetia cikin minti ɗaya, Gwaggo da ta san kasuwar nan lungu-lungu ta kawo abu biyar ko shida ta fara maimaita albasa. Ta fiddo tsinken ashana huɗu ta jera su wani fasali ta ce ki yi irinsa, ta yi na farko ta kasa na gaba. Ta tambaye ta sunan limamin masallacinmu, ta faɗi sunan wanda ya rasu. Ta ba ta kalmomi na gida, tsintsiya da goro da makamantansu, bayan 'yan mintoci ta tambaya, ɗaya kawai ta dawo. Amma Tabaraka ta karanto ta daga farko har ƙarshe ba gargada. A nan ni da kaina na ga bambancin abin da ba ta taɓa sani ba da abin da ta sani ya zube, kuma shi ne dai abin da muka biya kuɗi mu gani. Daga baya likitan ya gaya min gwajin ashanan nan a Ibadan aka ƙirƙiro shi don tsofaffin da ba su yi boko ba, kuma akwai wani gwaji gaba ɗaya mai suna IDEA da aka tsara a Tanzaniya saboda irinsu. To in akwai, me ya sa ba shi ne a kan teburin ba tun farko, a garin da tsofaffinsa da yawa ba su shiga aji ba? Me ya sa sai sa'a ta haɗa ka da nas mai jin yarenka? Ranar da take hutu fa?

Bayan nan aka rubuta mana gwajin jini, na suga, na ƙoda, na tayirod wato abin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, na sinadarin B12, da na wasu cututtuka da kan taɓa ƙwaƙwalwa, sai fitsari. Wannan kar kowa ya tsallake shi don tsimi, saboda akwai mantuwar da ba ita ce babbar ba, ana yin magani ta ja da baya. Gwaggo ma an samu B12 ɗinta ya yi ƙasa, likita ya ce maganin sugan da ta daɗe tana sha, metformin, yakan jawo haka, aka sa mata allura. Kunnenta ɗaya kuma a toshe yake da dauɗa, ashe rabin abin da muke cewa ba ta gane ba ji ne ba ta yi. Hoton kai ba su da na'urar, sai suka tura mu wani wuri, kuma kuɗin sikan ɗin shi kaɗai ya fi na ganin likita da gwajin jini a haɗe. Tsada kam akwai ta, ba don Yaya yana turo fam ba da ɗinkina ba zai ɗauka ba. Na san gidaje da yawa a layinmu da a nan za su tsaya.

Sakamako ya nuna ƙwaƙwalwar ta ɗan motse, ga kuma tabon ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe a hankali, aikin hawan jini da suga na shekaru. Ya ce dimenshiya ce, wato babban ciwon mantuwa, gauraye, Alzheimer da ta jijiyoyin jini. Bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce ba ta warkewa, za ta ci gaba, abin da za a iya shi ne a rage mata gudu a kuma sauƙaƙa mata rayuwa. Ya sa ta kan donepezil ƙaramin awo, ƙwaya ɗaya da dare, ya ce a kula da tashin zuciya da gudawa da mugun mafarki da jiri, kuma a riƙe hawan jinin nan da gaske don shi ne ake da iko a kansa. Ita kuma ya ce mata, Mma, ƙwaƙwalwarki ce ta gaji kamar yadda gwiwa take gajiya, ba hauka ba ne, ba kuma wani ne ya yi miki ba. Ta ce Allah ya yi maka albarka yaro.

Maganar nan ta likita, cewa ba hauka ba ne ba kuma wani ne ya yi mata ba, ita ce ta fi maganin amfani a gidanmu. Don kafin mu je, yarinyar da ke taya ta aiki, marainiya ce 'yar dangi, ta sha zagi da mari kan kuɗin da ba ta ɗauka ba. Wani ɓangare na dangi sun riga sun yanke hukunci sammu ne, har sun san wadda ta yi, an daina gaisawa. A waje kuma an fara wata magana mafi muni, don an gan ta da asuba a bayan gidan mutane ba mayafi tana magana ita kaɗai, kun dai san sunan da ake ba tsohuwa in aka gan ta haka. Mu a ƙasar nan wannan ba abin wasa ba ne. A Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba kusa da Salaga, ido na ganin ido, kan zargin maita, kuma har yau akwai mata a sansanonin Gambaga da Kukuo da Gnani da aka koro daga garuruwansu. Majalisa ta amince da dokar hukunta masu zargin maita a Yulin 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Ban ce duk wadda aka zarga ciwon nan gare ta ba, amma tsohuwa mai yawo da dare, mai surutai, mai amsa laifin da ba ta yi ba in aka matsa mata, ai ita ce ta farko da za a nuna. Da muka dawo da takarda mai hatimin likita Kawu ya kai wa liman, liman ya yi magana bayan magariba ba tare da kama suna ba, ya kuma ce mana mu daina yi mata gardama kan salla, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Bakuna da yawa sun mutu daga ranar.

Yaya kullum in mun yi waya sai ya kawo min labarin Ingila, wai a can gwamnati ƙirga take yi. Suna da ƙiyasin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama nawa ya kamata a ce suna da ciwon, sai su duba nawa ne sunansu ya shiga rajistar likitocin unguwa, su fitar da kaso duk wata, yanki-yanki, kowa ya ga wa ke aiki wa ke barci. Sun fitar da tsarin ƙasa kan ciwon a 2009, a 2012 Firaminista David Cameron ya ɗauki abin da kansa, lokacin waɗanda aka gano ba su kai rabi ba, aka sa burin sai an gano biyu cikin uku. A 2014 har fam 55 suka riƙa biyan likita kan kowane sabon mutum da ya gano, aka yi ta cece-kuce wai an mayar da tsofaffi haja, bayan 'yan watanni tsarin ya ƙare. Sun kai burin wajen 2015, korona ta zo ta mayar da su wajen kashi 61 zuwa 62, suka sake hawa zuwa wajen 65 a 2024, sai kuma a farkon 2025 aka cire burin daga jerin abubuwan da aka ɗora wa hukumar lafiyarsu, ƙungiyoyin masu ciwon suka yi ta ƙorafi. Shi Yaya yana faɗa ne da takaici, wai ko a can mutum ɗaya cikin uku yana yawo ba a san abin da ke damunsa ba, kuma wanda aka gano ma sau da yawa takarda ake miƙa masa a ce sai wata shekara. Ni kuwa ina ji ina cewa ku da kuke da abin da za ku yi faɗa a kansa ai kun gode Allah. Biyan likita kan kai ban yarda da shi ba, a nan da an yi haka da kowace tsohuwa mai ciwon kunne ta samu takarda. Amma ƙirgar tana da amfani, don abin da ba a ƙirga ba ba a yi masa kasafi.

A duniya gaba ɗaya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 a ƙasashe irin namu suke ba a Turai ba. Rahoton ƙungiyar Alzheimer's Disease International na 2021 ya ƙiyasta uku cikin huɗu ba a taɓa gano nasu ba, a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi har tara cikin goma. A 2017 ƙasashe suka amince da wani shiri, ciki har da burin kafin 2025 a ce rabin ƙasashen duniya suna gano aƙalla rabin masu ciwon, lokaci ya cika ba a je ko'ina ba aka ɗaga shirin zuwa 2031. Mu nan Ghana ƙidayar 2021 ta nuna 'yan shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2. Takardu kam muna da su, akwai manufar kula da tsofaffi ta 2010, akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 da ta kafa hukuma guda, a ƙarshen 2024 an shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu cikin inshora, wannan abin yabo ne, amma ciwon mantuwa ba ya cikin huɗun. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duka a kudu can bakin teku. A Kumasi akwai sashen a babban asibitin Komfo Anokye, wanda ke da takardar turawa daga ƙaramin asibiti yana iya bi ta can. Abin da ni nake gani ya ɓace shi ne matakin ƙasa. Gwaggo ta yi shekaru tana zuwa awon jini da suga duk wata, da a ce cikin tambayoyin da ake yi wa tsoho a wurin awo akwai biyu uku kan mantuwa, da yarenta, da an kama abin tun tana iya faɗin inda take so a sa kuɗin adashin mutane da yadda take so a yi da ɗakinta. Wannan ba ya buƙatar na'ura, nas ce da tsinken ashana.

Mu koma kan asibitin, don inda suka fi faɗuwa shi ne bayan ka fito. An gaya maka babbar magana, an ba ka rahoto da Turancin likitoci, an ce ku dawo bayan wata uku, shi ke nan. Ba wanda ya zaunar da mu kan yadda ake yi in ta tashi tsakar dare za ta tafi gidan mijinta, ko in ta ƙi wanka, ko in ta ce ni ɓarauniya ce, ga ni ni nake wanke mata kaya. Lambar da suka ba mu wai ta tambaya ce tana ta ringin ba a ɗauka, in an ɗauka a ce likita sai ranarsa. Maganin ma famasinsu babu, sai da muka zagaya Adum, kuma kowane wata farashi daban. Duk dabarun da muke yi yanzu daga Yaya suka zo da kuma wata maƙwabciya da ta yi jinyar uwar mijinta. Kar a yi mata gardama, in ta tambayi mijinta a ce ya fita a kawo wata hira. An ɗinka mata 'yar takarda mai lambata a cikin lalitarta da gefen mayafi. Silindar gas ta koma ɗakin Kawu da kwado. Masu shago da 'yan pragya, wato masu keke mai ƙafa uku, na bakin layi duk an gaya musu, in sun gan ta ita kaɗai su zaunar da ita su ba ta ruwa su kira. Kuma mun bar mata tsince shinkafa da wake da safe, tana yi tana waƙa, ranar da ta yi wannan ta fi kwanciyar hankali da yamma. Asibitin da ke karɓar irin kuɗin nan ya kamata a ce yana da mutum ɗaya, ko nas ɗin nan ce, da zai tara iyalai sau ɗaya a wata ya koya musu waɗannan, da takarda ɗaya da Hausa da Twi ko saƙon murya a WhatsApp tunda da yawanmu sauraro ya fi mana karatu. Na faɗa musu haka a baki, matar ta ce za ta kai sama.

Game da maganin, kar wanda ya sa rai da yawa. Ta ɗan fi natsuwa, ta rage maimaita tambaya, amma ni ina ganin cire maganin barcin nan da wanke kunne da allurar B12 sun yi rabin aikin. Har yanzu wani lokaci tana kirana da sunan mahaifiyata.

Wa ya kamata ya je? Wanda tsohonsa ya yi watanni yana canzawa a hankali, yana ɓata a hanyar da ya sani, lissafin da ya iya yana gagararsa, halinsa ya juya. Amma in dare ɗaya ne ko cikin kwana biyu ya ruɗe, ga zazzaɓi ko barci mai nauyi ko baki ya karkace, wannan ba na jiran ranar asibitin mantuwa ba ne, a kai shi gaggawa a take, yana iya zama maleriya ko ciwon fitsari ko suga ya faɗi ko shanyewar jiki. In za ku je ku nemi layin farko na safe don da rana ta yi suke fi ruɗewa, ta karya kumallo, a tafi da tabaronta in tana sawa, da duk magani har na gargajiya a leda ɗaya, kuma wanda yake zaune da ita kullum shi zai raka ta ba babban ɗa mai mota da ke zuwa ran Juma'a ba. Tun a waya ku ce ba ta yi boko ba, Hausa take ji, ku tambaya ko mai jin Hausa tana aiki ranar, in ba ta nan ku ɗaga ranar. Kuma kar ku fito sai an ba ku rahoto a rubuce da hatimi, ku yi masa hoto a waya, don asibitin gaba da dangin da ba su yarda ba duk za su nema.